'Yan Tsakin Baba Direba

Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakin ɗinkina da tsakar gidan Baba Direba, kuma katangar nan ba ta iya riƙe sirri ba. Kunnensa ya yi nauyi, rurin babbar mota na shekara da shekaru ya cinye shi, don haka in zai amsa waya sai ya ƙure muryarta. Ni kuwa ban taɓa cewa ba na son jin magana ba.

Tun yana saurayi yake kan hanya. Shi ya gina gidan, amma kujerar mota ta fi gadonsa sanin bayansa. Yaransa sun tashi suna ganinsa kamar baƙo mai kawo tsaraba. Da ƙarfi ya ƙare ya ajiye tuƙi, sai ya tarar duk sun watse, kowa da garin da yake neman abinci. Matarsa ce igiyar da ta ɗaure su. Ita suke kira, a yi hira a yi dariya, can ƙarshe ta ce, "Ga babanku." Ya karɓa ya ce lafiya lau, a yi ta haƙuri da rayuwa, ya miƙa mata abarta kamar tana ƙona masa hannu.

Da Allah ya yi mata rasuwa, wayar ta yi shiru. Masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, gidan ya koma sai ƙarar tsintsiyarsa da safe, sai tarinsa. Akwai ranakun da na tabbata bai buɗe baki ya yi wa kowa magana ba, in ban da amsa sallamata ta saman katanga.

Auta ce ta lura. Ita ce ƙaramar 'yarsa, tana aiki a wani shagon magungunan dabbobi a gari mai nisa. Da ta zo zaman makoki, kafin ta koma sai ga ta da kwali mai huji-huji yana ta tsiwirwiri. Ta share ɗakin ajiyar mahaifiyarta, ta baza garin katako, ta rataya fitila, ta juye 'yan tsaki a ciki. Ta jingine buhu a bayan ƙofa.

"Baba, wannan abincin akwai magani a ciki, shi zai tsare su daga zawon jini tunda ba su yi ƙwari ba. Kullum da safe zan kira in ji yadda suka kwana."

Ta kuwa cika alkawari. Wayar na ƙara sai in sassauta taka keken ɗinki. Baba Direba yana ba da rahoto kamar mai duba inji kafin doguwar tafiya: ruwa an canza, fitila ba ta mutu ba, kashinsu babu ja. Mutumin da bai iya haɗa jimla uku da 'ya'yansa ba, sai ga shi yana bayanin yadda wani ɗan tsako mai baƙin ɗigo a ka yake ture 'yan'uwansa a wajen ci. Ya sa masa suna Kwandasta. Ranar da Auta ta ji sunan ta yi dariya har da tari, shi ma na ji ya yi wata irin dariya mai tsatsa, wadda ta daɗe a ajiye.

Daga kaji hira ta fara zamewa. Ya ba ta labarin ranar da aka haife ta, yana can wani daji taya ta fashe, bai ji labari ba sai da ya dawo. Ta ce ba ta taɓa sani ba. Amma ko yaushe da kaji ake buɗewa, da su ake rufewa. In babu su, su biyun ba su san ta inda ake shiga magana ba.

Wata safiya ta yi masa bayanin abin da ke gaba.

"In gashinsu ya gama fitowa, buhun nan kuma ya kusa ƙarewa, sai ka sayo marar magani. Kada ka canza musu rana ɗaya, cikinsu zai rikice. Ka riƙa zuba kaɗan na sabon a cikin tsohon, gobe ka ƙara, jibi ka ƙara, har mai maganin ya ɓace ba su sani ba. Daga nan sun tsaya da ƙafarsu. Ka ga ka huta da damuna kullum da sassafe."

Da wasa ta faɗa. Shi kuwa wannan ta ƙarshen kaɗai ya ji, duk da nauyin kunnen.

Buhu ya ƙare, ya je ya sayo wani mai magani. Auta ta tambaya, ya ce gashin bai gama rufe su ba tukuna. Wannan ma ya ƙare, ya sake sayo irinsa. Mai shagon abincin kaji da bakinsa ya gaya mini ya yi masa magana, ya ce Baba waɗannan ai sun wuce wannan abincin, amma tsoho ya ce shi dai a ɗora masa a baro.

Na leƙa wata rana da la'asar. Kaji ne manya-manya, gashi luf-luf, Kwandasta har ya fara gwada cara da muryar da ba ta nuna ba.

"Baba Direba, waɗannan ne marasa gashin? Ai ko ni ban kai su sutura ba."

"Tela, ki kula da zarenki," ya ce, bai dube ni ba.

Haushi ya kama ni, tausayi ya danne shi. Ƙarya ba ta yi masa kyau ba ko kaɗan, bai iya ta ba. Yau ya ce ɗaya tana sunkuyar da kai, gobe ya ce wata ta ƙi ci. Kowace cuta ya ƙirƙiro tana sayo masa kiran gobe, har wani lokaci da na yamma.

Abin da bai lissafa ba shi ne Auta ta san aikinta. Wata safiya muryarta ta fito a sanyaye.

"Baba, na yi magana da likitan da ke zuwa shagonmu. Ya ce kajin da suka kai wannan lokaci ba gashi, kullum ciwo, ba za su yi albarka ba, kuma za su iya shafa wa na maƙwabta. Gara a kawar da su duka a wanke ɗakin." Sannan ta ce, "Laifina ne. Na so in samo maka abin ɗebe kewa, na ɓige da ɗora maka jinya. Ka gama jinyar Mama, ga wata kuma. Ka yafe mini."

Kuka take yi. Na ɗauke ƙafata daga keke gaba ɗaya.

Can ya ce, "Kada ki yi kuka, Auta. A ba su 'yan kwanaki. Ina ganin sun fara warwarewa."

Da hantsi ya yi sallama a ƙofata, abin da bai taɓa yi ba, ya ce in ara masa babban baho. Na bi shi da shi. Ga sabon buhu marar magani a tsakar gida. Ya zuba tsohon da yawa, ya ɗebi sabon da gwangwani ya barbaɗa, ya sa hannu yana juyawa a hankali har ba a bambance su. Kajin suka rufar wa abincin, ko a jikinsu.

"Su ba su san an rage musu komai ba," ya ce.

Kullum sabon yana ƙaruwa, kullum rahotonsa yana gajarta, don yanzu gaskiya yake faɗa, ita kuwa gaskiyar ba ta da tsawo: sun ci, sun sha, lafiyarsu ƙalau. Auta ta yi murna ƙwarai. Ta fara tsallake rana, sannan kwana biyu. Ba don mugunta ba, aiki ne da ita, ga yara, kuma ta ɗauka ta sauke masa nauyi. Ranar da ya kakkaɓe tsohon buhun ya ninke shi, wayar ba ta yi ƙara ba. Washegari ma haka. Tsintsiya ta dawo, tari ya dawo. Na gan shi zaune a ƙofar ɗakin kajin, wayar a kan gwiwarsa, yana goge fuskarta da bakin riga.

Da ya gaji ya ɗago murya. "Tela! Wai in mutum shi zai kira, ina yake dannawa?"

Sai a lokacin na gane tunda yake bai taɓa kiran ɗansa ko ɗaya ba. Na zagaya na nemo masa sunanta, na nuna masa koren maɓallin kira, na koma ɗakina.

Ta ɗauka da sauri, a tsorace. "Baba? Me ya samu kajin?"

"Babu abin da ya same su. Sun fi ni cin abinci."

"To lafiya dai?"

Na ji yana gyaran murya, ya sake gyarawa.

"Ba ni da labarin kaji yau, Auta. Gidan ne ya yi mini girma. Kewarki nake ji."

Ta bayanta ana jin hayaniyar masu saye, wani yana tambayar maganin tsutsa.

"Baba, kada ka kashe," ta ce. "Bari in fita waje."

Na mayar da ƙafata kan keke na taka shi da ƙarfi, yadda ko kalma ɗaya ba za ta tsallako katangar ba.