Roƙon da Muka Je Yi wa Baba a Catford

Shekarun baya, zamanin da kuɗin mai ya fara shigowa har gwamnatin jiharmu take tura mu karatu waje kamar ana rabon goro, na samu kaina a Landan. Na kama ɗaki a wata unguwa da ake kira Catford, a gidan wani dattijon Bature, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse, daga shi sai kyanwarsa. Bakina ya kasa kiran sunansa gatsal, sai na riƙa ce masa Baba. Da farko yana yi mini kallon mamaki, daga baya ya saba har yana amsawa.

Baba shi ne shugaban reshen unguwa na jam'iyyar nan da ƙungiyoyin ƙwadago ke mara wa baya. Kada ku ji an ce shugaba ku zaci mota da 'yan rakiya. Kujerar katako ce a wani zaure a bayan coci, da tebur, da 'yar gudumar da yake bugawa idan surutu ya yi yawa. Amma ya daɗe a kanta, kuma tun da matarsa ta rasu, kujerar nan ce ke sa shi aske gemu ya fita. Ni ba ɗan jam'iyya ba ne. Nakan bi shi mitin in taya shi jera kujeru, in sha shayi, kuma in ba za a yi ƙarya ba, zauren ya fi ɗakina ɗumi.

A lokacin jam'iyyarsu ce ke mulki, amma gida bai zauna lafiya ba. Kaya sun yi tsada, yau waɗannan na yajin aiki, gobe waɗancan. Sai reshen ya dare biyu. Dattawa irin su Baba suna cewa gwamnatin tamu ce, a yi mata haƙuri, in aka ka da ita wa zai hau? Matasa kuwa suna cewa an hau da ƙuri'ar ma'aikaci an juya masa baya, kuma shirun irin su Baba ne ya ba shugabanni ƙofa. Mai jan matasan wata malamar makaranta ce, 'yar wani aminin Baba da ya rasu. Shi da kansa ya shigo da ita jam'iyyar tana budurwa. Ranar nan a gaban kowa ta miƙe ta ce za ta nemi kujerarsa a zaɓen reshe mai zuwa. Baba ya ce an ji, ya buga guduma, aka wuce magana ta gaba. Ni kuwa kunya ta kama ni kamar ni na faɗa.

Ina da aboki Bazazzage mai karatun likita, mutum mai son sulhu, ko kaji ya ga suna faɗa sai ya raba. Da na ba shi labari sai ya dafe kai.

"Subhanallahi! 'Yar da ya raina? Kuma ɗaga hannu za a yi a gaban idonsa?"

Na ce haka suke yi, kuma yadda na ga zauren, da wuya Baba ya kai labari.

"To kai kana cin abinci a gidan mutum, za a kwance masa zani a kasuwa, kana kallo? Ai babba ba a ka da shi, lallaɓa shi ake ya sauka. Tashi mu je mu same ta."

Karambanin akuya, gai da kura. Ranar Lahadi da rana muka zuba manyan riguna, muka ɗora kwat a kai saboda sanyi, muka ɗauki goron da wani ya kawo mana daga Kano, muka hau bas zuwa gidan haya na hukuma da take zaune. Baba bai san mun tafi ba. A ganinmu ai haka ake yi, wanda ake roƙa wa alfarma ba ya zuwa wurin.

Ta buɗe ƙofa ta gan mu cikin shiga kamar masu neman aure. Ta ba mu wuri, ta haɗa shayi. Abokina ya gaishe ta, ya tambayi aiki, ya tambayi yaran makaranta, ya tambayi sanyi, har baiwar Allah ta fara duban agogo. Sannan ya ajiye goro a tebur ya shiga magana. Ya ce, "Malama, ba mun zo mu ce ba ki da gaskiya ba ne. Amma mutumin nan uba ne a gare ki. Ki janye bana, ki zama mataimakiyarsa. Baɗi ya sauka da kansa, a yi masa liyafa, ki hau ba wanda ya ji ciwo. Kujera ba ta gudu."

Ta dube mu ta ce, "Shi ya aiko ku?"

Muka rantse ba shi ba ne. Ta juya kofi a hannunta. Ta ce ranar da aka binne mahaifinta, Baba ne ya riƙe hannunta har gida. Ta ce tun da ta yi sanarwar nan ba ta samu barcin kirki ba. Daga ƙarshe ta ce, "Shi ke nan. Zan janye."

Wallahi a bas muna dawowa ji muke kamar mun sasanta ƙasashe biyu. Abokina har cewa yake Turawan nan ilimi suka fi mu, amma zaman duniya sai sun zo mun koya musu.

Muka tarar da Baba yana ba kyanwa abinci. Na ce, "Baba, albishirinka." Na kwashe labari na faɗa masa ina murmushi, ina jiran godiya. Fuskarsa ta yi ja har kunnuwa. Ban taɓa jin ya ɗaga murya a gida ba sai ranar.

"Wa ya ce muku ina neman a ji tausayina? Ni nake ganin hanyata ce daidai, ita tana ganin tata. Mutanen zauren nan su za su raba mu. Kun je kun mai da ni tsohon da ake tsallakar da shi titi!"

Abokina ya fara cewa, "Baba, ai don mutuncinka..." Bai saurare shi ba. Ya ɗauki kwat da hula ya fita. Daga baya malamar ta gaya mini abin da ya ce mata a bakin ƙofarta, ko zama bai yi ba: in ta janye shi ma zai janye, sai reshen ya zaɓi kyanwarsa. Sai ta fasa janyewa.

Ranar zaɓe zauren ya cika, har da waɗanda ban taɓa gani ba. Baba da malamar kowannensu ya yi jawabi. Ta soki shirunsa ba sassauci, shi ma ya ce mata mai ƙona gida don ya kashe ɓera a waje zai kwana. Aka ɗaga hannu. Ta ka da shi, ba ma kusa ba. Cikin hannayen da suka tashi mata har da na mutanen da suka sha shayi a kicin ɗinsa. Ni na sunkuyar da kai. Shi kuwa ya miƙa mata guduma, ya sauko ya zauna kusa da ni a benci. Tana kawo shawararta ta farko, hannun da ya fara tashi don ƙin amincewa nasa ne.

Ba zan ce muku bai ji ciwo ba. Ya ji ƙwarai. Kwana da kwanaki abinci sai ya taɓa ya ture, gemu ya fito masa fari fat. Wata safiya muna karyawa ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, "Da ta janye, da kullum na zauna a kujerar nan na san aro aka ba ni." Bai sake ta da maganar ba har na gama karatu na dawo gida.

Har yau ban ce hanyarmu ba ta da kyau ba. Na ga inda lallaɓa babba ya hana gida rushewa, na kuma ga inda ya bar mutum a kan kujera shekaru bayan kowa ya daina jin maganarsa. Abokina, wanda yanzu jikokinsa sun cika gida, yana nan a kan bakansa cewa mu ne da gaskiya, Baba ne mai taurin kai.

Ni dai abin da ya rage mini shi ne wannan. Yanzu na kai shekarun Baba, kuma akwai 'yar ƙungiyar unguwa da nake shugabanta. Duk lokacin da na kawo shawara zaure ya amsa da "Gaskiya ne, Baba," ba wanda ya ɗaga hannu ya musa, sai gabana ya faɗi. Nakan bi fuskokin yaran da kallo, ina tunanin ko wasu biyu a cikinsu sun riga sun zaga da goro sun roƙa a ƙyale ni.