Gurbin Zarto a Garejin Merv

Duk wanda ya taɓa kai injin yankan ciyawa gyara a Bothwell ya san garejin Merv Tatnell. Sunansa gareji, amma mota ba ta taɓa kwana a ciki ba. Ita tana waje tana shan raɓa, ƙarafa suna ciki. Merv ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana askin tumaki gona-gona, har bayansa ya ce ya isa haka. Da ya ajiye aikin sai ya shige gareji, kuma in ka cire cin abinci da barci, ba za a ce ya fito ba har yau.

Yana da al'ada irin ta tsofaffin garin. Kowane kayan aiki da ƙusarsa a bango, ya kuma bi gefensa da jan fenti ya zana siffarsa. In ka ɗauke guduma, hoton guduma zai tsaya yana kallonka har ka mayar. Bango huɗu sun cika maƙil, ko tafin hannu ba ka da wurin sawa. Wuri ɗaya ne kawai ƙusa take a banza: hoton wani zarto, a bangon da ya haɗa gareji da gida, daidai ƙirjin mutum. Abokinsa Athol ne ya ari zarton tun suna da baƙin gashi. Merv bai taɓa cewa ya dawo da shi ba. Abin da yake yi dai, duk Alhamis in Athol ya zo shan shayi, sai ya gyara masa kujera tana fuskantar hoton. Duk shekara kuma sai ya sabunta fentin.

Hunturun bara sanyi ya kama shi a ƙirji, ya kwanta asibiti a Hobart. Bana tun farkon Yuni, lokacin da hunturu ke kamawa a can, matarsa Noelene ta sayo kwaɗon kulle ƙofa, ta dire shi kusa da farantinsa.

"Ka ji abin da likita ya ce, tsoho. Ran da na shiga garejin nan na ga bakina yana hayaƙi don sanyi, zan kulle shi, ba za ka ga mukulli ba sai zafi ya dawo."

"In zauna ina?"

"A falo mana. Ka riƙe mini zaren saƙa."

Merv ya dubi kwaɗon, ya dubi matarsa. Ya san ta. Ba ta taɓa sayen abu ta bar shi a leda ba.

Aka sayo hitar ɗumama ɗaki, babba, irin wadda ake ratayawa a sama. Da son samu ne shi zai haɗa abarsa, amma doka ba ta yarda kowa ya taɓa wayar lantarkin gida ba sai mai lasin, Noelene kuwa ta fi dokar tsanani. Sai aka kira Tegan, 'yar ƙanwarsa, wadda aikinta ke nan.

Ta buɗe akwatin wutar gareji, ta yi arba da wata waya da aka naɗe da tsohuwar robar keke.

"Kawu, wa ya yi wannan?"

"Haka na sayi gidan."

"Kai ka gina garejin da hannunka."

"To haka na gina shi."

Ta kashe wutar gaba ɗaya, ta gwada ta tabbata ta mutu, ta tsige aikin kawunta. Hitar tana da ci, don haka ta ja mata waya mai kauri ita kaɗai, ta bi da ita ta jikin katakon rufi, ta sa mata bireka nata a akwati, wanda zai faɗi da kansa in wuta ta yi yawa. Merv yana ƙasa yana riƙe da tsani, yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba.

Saura ɗan farin akwati, wanda bai kai tafin hannu ba. Shi ne mai jin ɗumin ɗakin: in sanyi ya yi ya kunna hita, in ɗumi ya isa ya kashe ta. Merv ya sa masa suna mai gadi. Tegan ta zagaya da shi, ta tsaya gaban hoton zarto.

"Ga wurinsa. Bangon ciki, nesa da ƙofa, babu abin da zai ruɗe shi."

"Wurin nan da mai shi."

"Haba Kawu! Tun kafin a haife ni zarton nan ya tafi."

"Aro aka yi, ba kyauta ba."

Ta ce to ya cire sifana ko filaya ɗaya. Ya ce kowa a gidansa yake, ba ya korar ɗan gida saboda baƙo. Ƙarshe ya nuna mata wani ɗan lungu a saman tsohon firjin da yake ajiye abincin kifi da giyar Alhamis, inda butar shayi take zama.

"Nan ƙarya zai riƙa yi maka," in ji ta. "Bayan firji zafi yake fitarwa, ga tururin buta. Zai ɗauka ana tsakar zafin Janairu."

"Zai saba."

Bai saba ba. Da safe hita ta tashi tana huci, Merv ya ji daɗi, ya ɗora shayi. Buta tana tafasa mai gadi ya ce ƙas, hita ta yi tsit. Ya jira. Yatsunsa suka ƙage a kan sukundireba. Ya hura baki ya ga hayaƙi, ya waiga wajen ƙofa da sauri.

Merv mutum ne mai dabara, ita ce ma ta sha kai shi ƙasa. Ya lallaɓa kicin, ya zaro ledar koren wake mai ƙanƙara, ya ɗaure ta a jikin mai gadi da igiyar ɗaurin ciyawa. Nan take hita ta tashi, ba ta kuma tsaya ba. In Noelene ta leƙo sai ta same shi daga shi sai singileti yana share gumi, ya tsaya ya kare firji da bayansa. In leda ta narke ya sake wata.

Ranar Lahadi Noelene ta gasa cinyar rago da dankali, ta buɗe wurin ƙanƙara ta ga babu wake ko ƙwaya. Ba ta kira shi ba, ta bi shi. Ga leda a bango tana ɗiga, ruwa yana bin gefen waya.

"Ruwa a kan wuta, Merv? Asibitin ne bai ishe ka ba?"

Ta kwance ledar, ta naɗe hannu ta tsaya. Jim kaɗan mai gadi ya ce ƙas. Ta ci gaba da tsayuwa, shi kuma yana ta goge wata sifana da ba ta yi datti ba. Can ta buɗe baki ta ce haa. Hayaƙi ya fito.

Ta garƙame gareji da kwaɗo. Haka Merv ya koma falo, hannu biyu a miƙe, zare yana zagaye su. Alhamis Athol ya zo, aka ba shi shayi a kofin baƙi mai faranti. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ga huji a safarsa. Suka zauna kamar masu zaman makoki, babu wanda ya san inda zai kalla.

Washegari Merv ya kira Tegan.

"Zo ki mayar da shi inda kika ce."

"Mai wurin fa?"

"Ya yi jinkiri."

Noelene ta buɗe musu. Da hannunsa ya zare ƙusar. Tegan ta kafa mai gadi a tsakiyar hoton, ƙotar zarton ta leƙo ta hagu, bakinsa ta dama. Ta mayar da wuta, hita ta yi aikinta, ta huta da kanta, ta sake tashi.

Da Alhamis ta zagayo, Athol ya shigo da wani abu a naɗe cikin buhu. Ya zauna a kujerarsa, ya daɗe yana kallon bango, sannan ya warware. Zarton ne, an wasa shi, an shafa masa mai.

"Na ji an ba da wurinsa," ya ce. "Na ce bari in kawo shi ya gani da idonsa."

"Yanzu ka ga dama? Ina zan sa shi?"

"Oho. Naka ne."

"Mayar da shi, mutumina. Aro na ba ka, ban ce na gama ba ka ba."

Suna cikin haka Noelene ta shigo da farantin biskit. Ta tsaya tsakiyar gareji ta ce haa. Ba a ga komai ba. Ta sake, don kada a ce ta yi sauri. Sai ta ciro kwaɗon daga aljihu ta ajiye a kan teburin aiki, da mukullinsa a jiki.

"Wake kuma," ta ce, "kai za ka sayo."

Merv ya ɗauki kwaɗon ya bi bango huɗu da kallo, babu ƙusa ko ɗaya a banza. Sai ya jefa shi cikin buhun Athol tare da zarton.

"Ari wannan ma," ya ce.