Mutumin da Ke Rubutu a Bayan Allo

Ƙarfe bakwai na safe za ka same shi a ɗan ɗakinsa da ke bayan ofishin ayyuka na birni, yana wanke buroshi da kananzir. Shekara talatin da huɗu ke nan yana rubuta allunan sunayen tituna. Baba Mai Fenti ake ce masa, kuma ƙarshen makon nan zai yi ritaya.

Yana da wata ɗabi'a da ta sha jawo masa faɗa. Duk titin da hukuma ta canza wa suna, in ya gama rubuta sabon a gaba, sai ya juya allon ya rubuta tsohon a baya da ƙananan haruffa: Layin Masu Keke, Kwanar Mai Agogo, da makamantansu. Wani shugaban sashe ya taɓa tambayarsa, "Baba, wa zai leƙa bayan allo?"

"Wanda ya ɓata," in ji shi.

Aka kuwa samu masu ɓata. Wani direban tasi ya shaida yadda ya ɗauko wata tsohuwa da ta shekara arba'in ba ta gari, tana neman gidan da aka haife ta, ba ta san komai ba sai tsohon sunan layi. Allo na huɗu da suka leƙa bayansa, ga sunan nan. Tsohuwa ta dafa ƙarfen ta yi kuka, kukan daɗi.

Matarsa kam ba ta bar shi ya sha iska ba. "Malam, da ka rubuta ranar aurenmu a bayan wani allo, da ba ka manta ta ba."

Bana aka ce za a cire allunansa duka, a kafa sababbi bugun inji. Abin ya tsaya masa a rai, don ya san in ƙarfen ya tafi, sunayen sun tafi. Bai kai ƙara ko'ina ba, sai abinci da ya rage ci.

Shekaranjiya sabuwar injiniyar sashen ta shigo ɗakinsa da samfurin sabon allo. Tsohon suna, Kwanar Mai Agogo, na nan ƙarƙashin sabon, a gaba, inda kowa zai gani. Baba ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo.

"'Yata, ya yi kyau. Amma Kwanar Mai Agogo ba a wannan titin take ba, tana gaba kaɗan."

"Shi ya sa na zo, Baba. Ba za mu kafa ko ɗaya ba sai kana tsaye."

Baba Mai Fenti, kai ne ka riƙe mana garinmu lokacin da muke ta sauri. Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai daɗi. Mu kuma da muka rage, kowa yana da tsohon da ya san sunan layinsu na da. A je a tambaye shi tun yana nan.