Shekarar da Muka Baro Ummi a Ghana

Ranar wata Talata ce a watan Afrilun 2015, da azahar, na dawo daga makaranta na tarar da takalman Baba a bakin ƙofa. Abin ya ba ni mamaki, domin Baba soja ne mai muƙamin saje, yana aiki a ɓangaren sojoji na ofishin jakadancinmu da ke Accra a ƙasar Ghana, kuma bai saba dawowa gida ba sai yamma ta yi liƙis. Na shiga na same shi zaune a falo da kakinsa, ko hula bai cire ba. Inna tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu, miyar kuɓewa na ɗiga a siminti ba ta ma sani ba. Ya ɗago kai ya dube ni ya ce, "Nafi'u, sigina ta zo, an yi mini canjin wurin aiki. Gida za mu koma." Ƙanena Sadi ya daka tsalle yana ihu, ni ma na buɗe baki zan taya shi, sai na ga Inna ta juya ta shige kicin. Muka ji ta kashe risho, ba ta sake fitowa ba har aka kira la'asar. Shekarata goma sha ɗaya a lokacin, amma na san dalili. Watanni kaɗan ke nan da muka binne ƙanwarmu Ummi a wannan garin.

Gidan da Baba yake nufi wani ƙaramin ƙauye ne a bayan Pauwa, cikin ƙasar Kankara, inda aka haife mu duka mu uku. Kafin a tura shi Ghana, Baba yana can wuraren aikinsa, mu kuwa muna gidan gandu tare da Iya, mahaifiyarsa, da Baffa Lawal, yayansa. A nan na fara sanin duniya. Da asuba ni ke kwance awaki in kora su bayan dutse, in dawo in tarar Iya ta dama kunun tsamiya ta ajiye mini nawa a ƙoƙo. Da damina mukan bi manya gona muna zuba iri a ramin da suka sara, muna rufewa da diddige, idan gero ya fara nuna kuma aikinmu korar tsuntsaye ne da gwangwani da tsakuwa har murya ta dushe. Bayan an cire gyaɗa sai mu bazu kala, mu gasa abin da muka samu a wutar kara, mu koma gida baki duk toka. Makarantarmu aji biyu ce da inuwar wata ƙatuwar ɗorawa, kuma ana tashi tara sai langa, har malam ya kaɗa ƙarfen da aka rataye a reshe. Duk shekarun da muka yi a Ghana, da waɗannan labarai nake cika kunnen Sadi da Ummi, don su ba su tuna komai ba.

Ummi sunan Iya ta ci, shi ya sa ba mai kiran sunanta na yanka a gidan. Da lokacin yaye ya yi, ɗakin Iya aka kai ta, daga nan kuwa ba ta sake yarda da bayan kowa ba. Iya na kaɗi tana kan cinyarta, Iya na tankaɗe tana gefe tana barbaɗa gari a kai. Ranar da za mu tafi Ghana, sai da aka ɓamɓare yatsun Ummi daga zanen Iya. Tsohuwar ta biyo mu har bakin hanya ta kama hannun Inna ta ce, "Ga amana nan na ba ki. Ki maido mani takwarata da ƙahwarta." Ta kuma ware wata 'yar akuya ja ta ce ta Ummi ce, za ta riƙa kiwata mata har ta dawo.

A Accra Ummi ta fi mu duka sajewa da gari. Gidanmu na haya ne, ba nisa da unguwar Hausawan Zango, kuma kafin shekara ta zagayo bakinta ya koma irin nasu, har mu ke yi mata dariya. Kowace safiya ita ke riƙe kwano mu je wajen Hajiya Fati mai koko da ƙosai, wadda ba ta taɓa sallamarta ba sai da gyara. Zazzaɓi ne ya kama ta wata ranar Alhamis bayan ta dawo daga Islamiyya. Aka kai ta asibiti, aka yi abin da za a iya, kafin sati ya zagayo Allah ya karɓi abinsa. Mutanen Zango suka yi mana komai kamar danginmu, su suka yi wanka, su suka haƙa kabari. Amma a daidai lokacin Iya tana kwance, hawan jini ya taɓa mata ɓarin jiki, sai Baffa Lawal ya roƙi Baba a waya kada a gaya mata, ya ce labarin zai iya ƙarasa ta. Aka ja kunnen duk mutanen gidan. Daga nan duk ranar Juma'a idan Baffa ya hau dutse inda ake samun sabis ya kira, ya isar da saƙon Iya cewa a gaida takwararta, a gaya mata akuyarta ta haihu, sai Baba ya ce, "Za ta ji." Wani lokaci Baffa kan ɗauki muryar Iya a waya ya kunna mana. Inna takan tashi ta bar ɗakin.

Shirin tafiya ya ɗauke mu makonni. Aka kawo manyan akwatunan katako daga ofis, Baba ya rubuta sunansa da lambarsa a jikin kowane da baƙin fenti. Ni da Sadi aikinmu naɗe kwanukan tangaran da tsofaffin jaridu da ɗaure katifu da igiya. Baba ya sayo wa Iya bargo mai laushi da tocila, ya sayo wa Baffa injin feshi na gona, Inna ta sayi atamfofin tsaraba ta jera su ba tare da ta ko buɗe su ta duba ba. A makaranta malamarmu ta sa 'yan aji suka yi mini waƙar ban kwana, abokina na kusa ya ba ni ƙwallonsa, na karɓa ina jin kunyar murnar da ke cikina, don ni dai ina son komawa, ina son in ga dutsen nan da ɗorawar nan. Gidan ya riƙa yin fili kullum, murya na amsa kuwwa a ɗakuna. Kwali ɗaya ne kawai ba wanda ya taɓa, na kayan Ummi, yana nan a bayan ƙofar ɗakinmu.

Wata safiya Baba ya ce gara a ba da kayan sadaka, ladan ya isa gare ta. Inna ba ta musa ba. Ta zauna a tabarma ta fito da su ɗaya bayan ɗaya, rigunan makaranta, da takalmin sallah da bai gama tsufa ba, da 'yar tsanar da aka yanke wa gashi da almakashi, tana ninkewa tana shafawa kamar mai guga da tafin hannu. Hajiya Fati ta zo ta tafi da su ga jikokinta tana share hawaye da gefen mayafi. Ƙaramin hijabin Islamiyya kaɗai Inna ta cusa a jakarta. Abin da ya fi wuya shi ne bango. Ƙa'ida ce a miƙa gidan da sabon fenti ga wanda zai canji Baba, a bangon ɗakinmu kuwa, daidai tsayin gwiwar babba, akwai zane-zanen da Ummi ta yi da fensir mai launi, mutane masu manyan kawuna da wata dabba mai ƙafa biyar da ta ce akuyarta ce. Da mai fenti ya zo, Inna ta roƙe shi ya bar wannan ɗakin sai ƙarshe. Ya bar shi har ranar da ba sauran inda zai shafa. Inna ta tsaya a ƙofa tana kallo har burushi ya bi ta kan akuyar, sannan ta ce, "To, shi ke nan," ta tafi ta ɗaura alwala.

Ana gobe za mu tashi, Baba ya ari mota ya kai mu maƙabarta. Inna ba ta taɓa ganin kabarin ba, tunda mata ba sa shiga, don haka ta zauna a mota a gindin katanga ita da Sadi, ni da Baba muka shiga. Ciyawa ta fara rufe shi, ruwan sama ya zaizaye gefe ɗaya. Baba ya tsuguna ya tuge ciyawar da hannunsa, ya ɗebo ƙasa ya cike inda ya zaizaye, ya jera duwatsu. Mutumin da ban taɓa ganin ya sunkuyar da kai ba, sai ga shi kafaɗunsa na rawa, addu'ar ma ta kasa fita. Da muka fito, Inna ba ta tambayi Baba komai ba, ni ta jawo. "Akwai inuwa a wurin?" Na ce akwai wata bishiyar darbejiya kusa. "Rana na dukanta da yamma?" Na ce kaɗan. Ta sauko daga mota ta dafa katangar da hannu biyu ta daɗe a haka, har Baba ya zo ya ce, "Ki yi haƙuri, ƙasar Allah ce duk inda aka kwanta." Ta ce, "Na sani, Malam. Amma wa zai riƙa cire mata ciyawa?"

Jirgi ya sauke mu a ƙasarmu, muka kwana a hanya, washegari muka shiga motar haya zuwa Funtua, daga nan Baba ya ɗauki shatar wata zuwa Kankara har ƙauye. An yi ruwan farko, ƙasa na ƙamshi, mutane sun bazu a gonaki suna shuka. Na riƙa nuna wa Sadi wuraren da nake ba shi labari har muka wuce Pauwa. Yara suka biyo motar da gudu. A ƙofar gida an fito da Iya an zaunar da ita a tabarma, ta rame, hannunta na hagu a kwance kan cinya, ta sha kwalli ta ɗaura sabon kallabi. Kusa da ita an ɗaure jar akuyar nan da 'ya'yanta, ga ƙwaryar fura an rufe da faifai. Muka durƙusa muka gaishe ta, ta shafa kaina ta shafa na Sadi, amma idonta na kan motar. Direba ya sauke kaya ya rufe but. Ta ce, "Ina takwarar tawa? Ko barci ta yi a ciki?"

Baba ya durƙusa a gabanta ya dafa ƙasa. Baffa Lawal ya juya ya fuskanci danga. Inna ce ta rarrafa ta kama hannun Iya mai lafiyar ta ce, "Iya, amanar da kika ba ni, Mai ita ya karɓi abinsa." Iya ta yi salati a hankali, ta sake yi. Ta tambaya yaushe ne, Inna ta ce tun da kaka, lokacin ana yankan dawa. Tsohuwar ta dubi 'ya'yanta maza biyu, kallon da har yau ban manta ba, ta ce, "Ashe gaisuwar da nike aikawa duk iska ke ɗauka." Sannan ta jawo kan Inna ta ɗora a ƙirjinta. "Ɗiyata, ke kaɗai kika yi ta kuka a ƙasar mutane, ba uwa ba dangi, ni ina nan ina kiwon akuya?" A nan Inna ta saki kukan da ban ji ta yi ba ko ranar rasuwar, Iya na jijjiga ta kamar jaririya.

Iya ta sa aka shimfiɗa tabarmi aka yi zaman makoki sabo, kamar jiya aka yi rasuwar. Dangin Inna suka zo daga Faskari, wata gwaggonmu ta taso tun daga Sabuwa a kan babur, mata suka cika tsakar gida, aka yi gumba aka raba. Sai da aka share makoki Iya ta sake amsa gaisuwar Baba da Baffa. Hutun Baba ya ƙare ya tafi sabon wurin aikinsa, mu muka zauna muka yi damina, kuma Inna ta koma kwana a ɗakin Iya, ita ke yi mata wanka, ita ke ba ta abinci a baki. Rani na biyu bayan dawowarmu Iya ta bi takwararta.

Yanzu a cikin garin Kankara muke zaune. Baba ya yi ritaya, ya ninke kakinsa ya sa a ƙasan akwati, don a wannan zamani ba a son a san gidan soja. Ƙauyenmu ya watse tun da 'yan bindiga suka matsa wa yankin, Baffa Lawal yana nan kusa da mu yana noman aro. Waɗanda suka leƙa sun ce rumbuna sun rushe, geza ta cinye tsakar gida. A da ina ganin nisa da iyakar ƙasa ne suka raba mu da kabarin Ummi, yau ga na Iya tafiyar babur ce kawai, shi ma ya gagare mu. Inna ta fara furfura, kuma idan ta idar da salla takan daɗe tana addu'a, ta shafa, ta juya ta tambaye ni ko na ci abinci. Mun dawo ƙasarmu lafiya, amma har yau ban ji mun iso gida ba.