Hannun Baba a Cikin Waya

Shekarar da aka faɗaɗa titin da ya bi ta gefen layin dogo, an rushe shagon Baba tare da na maƙwabtansa. Ɗan shago ne na kwano, inda yake gyaran keken ɗinki tun kafin a haife ni. Kakansa ne ya zo Minna da aikin jirgin ƙasa, ya bar wa gidanmu akwatin ƙarfe cike da sifanoni, da kuma taurin kan da har yau ba a gama rabon gadonsa ba. 'Yan'uwana sun ce ni na kwashi kaso mafi tsoka, ban kuma taɓa musa musu ba.

Muka sama masa wani shagon a Shango, kusa da gidan da nake aure, a bayan jerin masu sayar da burodi da katin waya. Ya fi tsohon kyau nesa ba kusa ba, daɓen siminti, ƙofar ƙarfe. Matsalar ɗaya ce, babu wanda ya san yana can. Baba bai taɓa kafa allon suna a ƙofar shago ba, bai taɓa ba wani tela lambarsa ba. Wayar ma ƙarama ce mai tocila, kuma tana wuni a aljihun rigar da ya rataye a ƙusa. Masu kawo masa gyara ƙafarsu ce ta san hanya. Suka zo suka tarar da kwalta a inda suka saba tarar da shi, suka juya.

Kullum da safe sai ya buɗe, ya share, ya shimfiɗa buhu, ya jera kayan aiki, ya zauna. In na kai masa abincin rana sai in iske shi yana goge sifanar da ya goge jiya. Tun rasuwar mahaifiyarmu aikin nan ne kaɗai ke tashe shi daga shimfiɗa, ina kuma kallonsa yana raguwa a cikin rigarsa. Wata rana ina kwashe kwanuka ya kira ni da sunan da yake kirana, da yake sunan mahaifiyarsa na ci.

"Uwata, in watan azumi ya tsaya zan mayar wa mai shago makullinsa. Akwatin nan kuma ki nemo 'yan gwangwan su ɗauka."

Har ya cire makullin daga zoben na gida, ya ɗaura masa zare ya rataye. Na san Baba. Ranar da ya rufe ƙofar nan kwanciya zai yi, kuma ba na jin zai sake tashi da ƙarfinsa.

A lokacin ina aiki a wani shagon kwamfuta, muna buga wa mutane takardu. A can na koyi sa ƙananan sana'o'i a intanet. Abin ba tsafi ba ne. Mutum ya rubuta abin da yake nema a waya, injin bincike ya jero masa amsoshi, wanda ya zo a sama shi ake gani, wanda ya faɗa ƙasa kuwa sai Allah ya jiƙansa. Aikina shi ne in tura mutum sama: in sa shagonsa a taswira, in zuba hotuna, in rubuta bayani, in sa waɗanda suka saya su rubuta shaidar jin daɗinsu. Na yi wa wata mai bandar kifi ta wajen Tagwai, har ma'aikatan ofis suka riƙa kiranta. Don haka na ɗauka na Baba shan ruwa ne.

Na zauna na tsara masa bayani mai daɗi, na zo na karanta masa: gwani na gwanaye, wanda babu kamarsa a duk jihar Neja. Ya saurara har na dire.

"Wa ya faɗa?"

"Ni, Baba."

"Da bakin wa?"

"Da bakin shagon."

"To ai shagon nawa ne, bakina ne ke nan. Goge. Yabon kai jahilci."

Na ce to a ɗauki hotonsa a ƙofar shago. Ya ce shi ba ɗan takara ba ne da za a manna fuskarsa. Na ce to mu nemo tsofaffin telolin da ya yi wa gyara, kowa ya rubuta kalma biyu. Nan ne ya ajiye tsumman da ke hannunsa ya dube ni.

"Maroƙi ma wani yake yabo. Ni kuma in bi gida-gida ina roƙon a yabe ni?"

Na fita raina a ɓace, ina ƙunƙuni har gida. Mijina ya ji labari ya yi dariya, ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, wai ni da Baba tulu ne ya haɗu da randa. Abin da Baba ya yarda da shi kawai shi ne alamar wurin a taswira, da kalmomin "gyaran keken ɗinki, Shango". Wajen bayani ya zauna fayau. Na bincika na gan shi can ƙasa, masu sayar da sababbin kekuna sun danne shi.

Ana haka, wata maƙwabciyarmu da ke koyon ɗinki ta leƙo shagon ina zaune. Ba ta kawo keke ba, tambaya kawai ta kawo: nata yana tsinka zare, ta rasa dalili. Ban san lokacin da Baba ya miƙe ba. Ya janyo wani tsohon kan keke daga ƙarƙashin benci, ya ƙwanƙwasa shi da gaɓar yatsa yadda ya saba, ya ce, "Bismillah, faɗi damuwarka." Haka yake ce wa kowane keke kafin ya taɓa shi. Ya nuna mata inda zare ke bi, inda ake sassautawa, yadda allura ke zama in an juya ta ba daidai ba. Muryarsa ta dawo, fuskarsa ta washe. Da ta kai hannu bakin zani za ta ciro kuɗi ya daka mata tsawa, ya ce tun zamanin kakansa ba a sayar da amsar tambaya a gidanmu.

A nan na ga ƙofar da zan shiga. Baba ba zai taɓa yin talla ba, amma ba ya iya ganin mai tambaya ya ƙyale shi. Na ciro waya na buɗe masa wani zaure da mata masu ɗinki ke hira. Ga tambayoyi nan jere: nawa yana tsallake ɗinki, nawa yana cukurkuɗa zare ta ƙasa, nawa yana ƙara kamar injin niƙa. Na kuma rubuta ɗaya daga ciki a injin bincike, na nuna masa babu wata amsar kirki da Hausa.

"Duk mutanen nan," ya ce, "babu wanda ya amsa musu?"

"Babu, Baba."

Ya yi tsaki, kamar shi aka wulaƙanta. "Ɗauko abin naki. Amma ban da fuskata."

Haka muka fara ɗaukar bidiyo, hannunsa kawai da keke da murya. Hannun Baba ba ya ɓoyuwa: baƙin mai ya zauna a layukan tafinsa, farcen babban yatsansa na hagu kuma a rabe yake tun wani rauni da ya ji yana saurayi. Ni kuwa nawa aikin shi ne suna. Na riga na koyi cewa mutum ba ya neman sunan shagonka, don bai san shi ba, ciwonsa yake rubutawa. Saboda haka kowane bidiyo na raɗa masa suna da ainihin maganar da teloli ke yi in sun tsaya a ƙofar shago: "Kekena yana tsinka zare." A ƙarƙashi in rubuta Shango, Minna, in yi kwatance daga bakin titi.

Mun yi faɗa a kan wannan ma. Na ce yana zazzage sirrin sana'ar duka, wa zai zo bayan ya koya a gida? Ya ce wanda hannunsa zai iya ya yi, Allah ya ba shi sa'a, wanda ya gagare shi zai zo.

Wata safiya a wurin aiki na rubuta tambayar, don in ga inda muka kwana. Sai ga hannun Baba a sama, gaba da kowa. Na goge na sake rubutawa da wayar abokiyar aikina, ko tawa ce ke yi mini kara. Shi ne dai. Na daɗe ina kallon farcen nan. Ni na san yadda ake yi, ni na jera kalmomin, amma duk da haka abin ya girmame ni. Wani inji da bai san Shango ba, bai san ana rushe shago ba, ya laluba duniya kaf ya ce wannan tsohon ne ke da amsa. Godiya ta fara shigowa daga garuruwan da ko a mafarki Baba bai taka ba. Wata ta ce ta gyara nata da kanta ranar da za ta ba da ɗinkin biki. Ina karanta masa yana gyaɗa kai yana cewa madalla.

Sai dai godiya ba ta zama a benci. Sha'aban ya raba tsakiya, ya gangaro, shagon shiru. Makullin yana nan a ƙusa da zarensa. Na ce ya ƙara haƙuri, mai nema yana tare da samu. Ya ce, "Uwata, waɗannan na waya ne. Nawa mutanen sun manta da ni." Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo.

Ana gab da fara duban wata, da hantsi, motar Paiko ta tsaya a bakin titi. Wata dattijuwa ta sauko da ƙunshi naɗe cikin zani, ta saɓa shi a kafaɗa yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya, ɗaya hannun riƙe da doya. Tana tafe tana duban shaguna har ta iso namu. Ta sauke kayan a hankali. Ba ta yi sallama ba, ba ta ma dubi fuskar Baba ba tukuna, hannunsa ta tsura wa ido. Sai ta ɗora hannu a ka.

"Yesu! Baba, kai ne? An ce ka mutu!"

Baba ya gane ta nan take. Tela ce a kasuwar Paiko, keken da aka saya mata na aure shi yake gyara mata tun tana goyon fari. Na ba ta kujera da ruwa, ta ƙi zama, tana magana tana share hawaye da gefen zani.

"Na zo, ba shago, sai titi. Na koma na gaya ma sauran. Mun ce in Baba yana da rai, ko a kan kwalta zai zauna. Tunda ba shi, ya tafi ke nan. Mu mun yi maka addu'a a coci, Musulmi ma sun yi nasu."

Na ce, "Mama, to yaya aka yi kika zo nan?"

"Keke ya dame ni, yana tsallake ɗinki. Yarinya na ya rubuta a waya, ya kawo mini in gani. Na ji ana buga keke, an ce faɗi damuwarka. Na duba, na ga farce. Na ce wannan hannu na Baba ne! Yarinya ya ce ƙila tsohon bidiyo ne. Na ce karanta mini wuri, ni zan je in gani da ido na."

Baba ya yi dariya da farko, ya ce ashe har sadakarsa an ci bai samu ko loma ba. Sai dariyar ta tsaya. Duk watannin nan yana zaton an manta da shi, ashe makokinsa ake yi. Ni kaina kuka nake, ban kuma ɓoye ba.

Ya jawo ƙunshin ya kwance. Ya ƙwanƙwasa keken, ya ce, "Bismillah, faɗi damuwarka." Ita kuwa ta ciro wayarta ta fara kira, tana magana da ƙarfi har masu burodi suka leƙo. Wani da Hausa, wani da Gbagyi, maganar dai ɗaya ce: yana nan, ga shi ina kallonsa, ku haɗa kekunanku. Kafin azahar ɗinkin ya miƙe sumul a kan ƙyalle. Ta ajiye masa doyar, ya ce ba zai karɓa ba, ta ce ba ta gyara ba ce, ta barka da dawowa ce.

Bayan na raka ta ta shiga mota, na dawo na iske ƙusar babu komai. Ya warware zaren, yana mayar da makullin cikin zoben na gida. Na yi kamar ban gani ba, don na san in na yi magana zai iya fasawa saboda taurin kai. Na fara kwashe kwanuka.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Wurin nan da kika so rubuta gwani na gwanaye, yana nan?"

"Yana nan, babu komai a ciki."

Na ciro waya na buɗe, na gyara tsayuwa, ina jiran in ji wane yabo ne yau ya halatta. Ya goge hannunsa da tsumma, ya daɗe yana tunani.

"Rubuta, yana nan da ransa."

Na rubuta. Har yau shi ne a saman shafin, ban ƙara masa ko harafi ɗaya ba.