Randar Bakin Fili

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da aka haɗe ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa da ta ma'aikata ba. Kaka ce, an fara yankan dawa, a shekarar da gwamnati ta taso daga Legas ta tare a Abuja. Shekara ce ta baƙi. Kullum sai ka ga manyan motoci ɗauke da katifu da kujeru, mu kuwa na ƙauye muna kallo, da murna da fargaba a ciki ɗaya.

Ku ƴan wasan yanzu da kuka same ni a ɗakin wanki, ba a nan na fara ba. Na fara ne da wata ƴar ƙungiya ta ƙauyenmu, can wajen Jiwa. Aikina wankin riguna, da ɗinka musu lamba tunda na yi yaƙi da jahilci, sai kuma ruwa. Muna da randa ginin garin Kwali a gindin ɗorawa, bakin fili. Al'adarmu ita ce, in an tafi hutun rabin lokaci, kyaftin ɗinmu zai ɗebo ruwa da moɗa ya fara ba baƙi, sannan namu su sha. Ko an yi faɗa a fili, mai gida ne ke shayar da baƙo.

A shekarar sai masu shirya gasa suka ce duk ƙungiyar da ba ta da fili mai cikakken awo ba za a yi mata rajista ba. Namu filin kuwa hanya ta riga ta cinye rabinsa. Ƙananan ƙungiyoyi suka yi ta haɗewa, wasu suka mutu. Mu aka ce mu shiga ta ma'aikata a Gudu, ƙarƙashin manajansu, Oga Mustafa, wani ma'aikacin ma'aikatar tarayya. Su suna da fili amma ƴan wasa sun yi musu kaɗan, mu muna da ƴan wasa ba fili.

Matsalar ita ce Ɗanladi, kyaftin ɗinmu kuma mai tsaron gida. In bai shiga ba, babu yaron ƙauyen da zai shiga, shi ke nan ƙungiya ta mutu.

“Mama, bar ni,” in ji shi. “Sun karɓi gona, sun karɓi fili. Yanzu kuma in je in zama baƙo a ƙasar kakana?”

Na ce, “Je ka gani dai, ɗana. Ido ba ya cin komai.”

Ranar atisayen farko aka aiko mana da mota. Na kwashe ruwan randar na sa aka ɗora ta. Direba ya ce, “Mama, can akwai famfo fa!” Na ce na sani. Da muka sauka a titi na saɓa ta a kafaɗa, yadda matanmu ke ɗaukar kaya, har bakin fili. Yaran ma'aikata suna dariya, wani ya ce, “An kawo mana firji!”

Wasan bai yi daɗi ba. Namu suna ba namu ƙwallo, nasu suna ba nasu. Ɗanladi na tsaye a raga, fuska kamar an aiko masa da mutuwa. Da koci ya hura usur na hutu, yaran ma'aikata suka rugo wajen randar, don na sake cika ta, ruwan ya yi sanyi. Wani ya kai hannu kan moɗa, na dafe ta a hankali.

Oga Mustafa ya ƙaraso. “Lafiya, Mama? Ba na sha ba ne?”

Na yi taka-tsantsan, don ban san halinsa ba, kuma aikina a hannunsa yake. Na ce, “Na sha ne, ranka ya daɗe. Amma a wurinmu ba a ɗibar wa kai. Mai gida ne ke ɗiba ya ba baƙo.”

Ya dubi filin, wanda su suka share shi suka kafa raga, ya dubi yaranmu da suka ja gefe. Na ɗauka zai karɓi moɗar ya ba mu. Sai ya mai da hannuwansa baya.

“Kyaftin!” ya ɗaga murya. “Zo ka shayar da mu mana. Mu da muka zo jiya, ƙishirwa za ta kashe mu a garinku?”

Ɗanladi ya daɗe bai motsa ba. Can ya taho, ya share hannunsa a riga, ya ɗebo ruwa ya miƙa da hannu biyu. Oga ya sha, ya ce, “Alhamdulillahi.” Ɗanladi ya bi sauran yaran ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, har mai maganar firji.

“Kai, sha a hankali,” in ji Ɗanladi. “Firjin nan ba ya son gaggawa.”

Aka tuntsire da dariya, namu da nasu.

Tun daga ranar na gane cewa a wannan aiki ana iya sauya wa yaro fili da riga da sunan ƙungiya, ya haƙura, muddin an bar masa mutuncinsa. Ku riƙe wannan.

Washegari da safe na ari fartanya, na koma Gudu, na haƙa wa randar gurbi a gindin mangwaro, na tsugunar da ita sosai. Sannan na zauna a inuwa na ɗinka lamba ɗaya a bayan sabuwar rigar Ɗanladi.