Jan Wake daga Daɗin Kowa

A shekarar da Inna, mahaifiyata, ta daina cin abinci, damina ta yi nauyi a Jos. Ruwa kan fara tun da hantsi, siriri, ba iska ba tsawa, duwatsun da muke hangowa daga Anguwan Rogo su shige cikin gajimare su ɓace. Hawan jini ne ya kwantar da Inna wata biyu. Ta samu sauƙi, amma bakinta ya ƙi dawowa. Na yi mata miyar wake irin wadda ita ta koya mini: na jiƙa farin wake, na murje ɓawon, na dafa har ya narke, na burge, na sa daddawa da busasshen kifi. Ta ɗanɗana, ta sa mini albarka, ta juya fuskarta bango.

Wata la'asar ina ninke kaya a ɗakinta, tana kwance ido a rufe, sai na ji ta ce, "Jan waken nan na Mama. Mai riɗi."

Mama maƙwabciyarmu ce a da. Kirista ce, 'yar wani ƙauye na cikin duwatsu, mijinta malamin firamare. Kowa a layinmu Mama yake ce mata, har da Inna da ta girme ta. Duk kaka akan kawo mata wani wake daga garinsu, ja, manya-manya, mai sheƙi. Har yanzu ina ganin ranakun girkinsa kamar a mafarki: hayaƙi na tasowa ta kan gajeriyar katangar da ta raba mu, Mama na rera waƙar coci ƙasa-ƙasa, Inna na tankaɗe ta wannan gefen, suna hira ba mai ganin fuskar wata. Daga baya gari ya rikice, kowa ya koma inda nasa suke. Su Mama suka tashi wata safiya ina sakandare, muka ji an ce Daɗin Kowa suka koma. Shekaru suka yi ta wucewa, Inna ba ta ƙara ambatonta ba sai wannan la'asar.

Na nemo jan wake a kasuwa, na soya riɗi, na yi yadda nake tunawa. Inna ta sunsuna kawai ta ce ba shi ba ne.

Ranar Asabar na sa hijabina na ɗauki lema na tafi Daɗin Kowa, ban san gidan ba. Na tambayi wata mai sayar da kabeji, ta tura ni wurin mai shago, shi kuma ya haɗa ni da wata dattijuwa mai sharar coci. Da na kwatanta mata malamin da matarsa, ta ce malam ya rasu tuni, amma matar tana nan wurin ɗanta. Ita ta raka ni har ƙofa.

Na tarar da Mama a baranda cikin rigar sanyi, yanar ido ta rufe mata gani. Na gaishe ta, ta ce wace ce. Da na faɗa mata ko 'yar wa ce ni, sai ta laluba ta kama hannuna ta riƙe.

"Ke ce mai lasar riɗi a turmina," ta ce. "Yayata tana da rai?"

Na ce tana nan, sai dai ba ta cin abinci, kuma wakenta take ambato, na gwada dafa mata amma ta ce ba shi ba ne.

Ba ta ƙara tambayata komai ba. Ta kira surukarta, matar ɗanta, ta ce waken da aka jiƙa don girkin Lahadi a ɗora shi yanzu. Ta ce kuma ni zan dafa, ita za ta zauna.

A bayan gida muka yi, ƙarƙashin rumfar kwano, a tukunyar ƙasa da itace. Na tambayi kanwa, Mama ta yi dariya.

"Shi ya sa naki ya ƙi. Ba kanwa ake sa masa ba."

Surukar ta kawo wata kwalba mai ruwa ja-ja, ruwan tokar karan acca da aka tace. Kaɗan na zuba. Daga nan sai jira. Wannan wake ba ya son gaggawa, kuma ba a yawan juya shi. Yayyafi na sauka a kan kwano, tukunya na tafasa a hankali, tururi na haɗuwa da hayaƙi har na daina ganin ƙarshen tsakar gidan. Mama ta fara waƙarta ƙasa-ƙasa. Na daɗe zaune ban san ko ƙarfe nawa ba, na manta ina da miji da 'ya'ya, ji nake kamar yanzu Inna za ta kira ni in kai mata rariya.

Da kunne Mama take girki. Ina soya riɗi ta ce, "Sauke, ya fara tsalle." Ina dakawa ta ce in bari haka, kada ya fitar da mai. Ta sa na miƙa mata ƙwayar wake ɗaya, ta murje a yatsa, ta ce ya yi. Na zuba riɗin, da albasa, da barkono kaɗan, manja kuma sai da na sauke tukunya. Romon ya yi kauri, ja mai duhu.

Ina juyewa a kula sai na ji ta ce a kawo mata takalminta da mayafi.

"Mama, Anguwan Rogo fa," in ji surukar.

"Na haifi 'ya'ya huɗu a can," ta ce. "Ki gaya wa mijinki zan dawo kafin duhu."

Muka ɗauki shatar keke mai ƙafa uku, kula a cinyata, Mama na riƙe da gefen hijabina. Duk inda muka wuce sai ta tambaya ina ne nan, in faɗa mata, ta gyaɗa kai.

Da muka shiga ɗaki Inna ta yunƙura ta zauna da kanta. Na zaci za su yi kuka. Ba su yi ba. Mama ta zauna a bakin gado, suka riƙe hannun juna.

"Kin tsufa," in ji Inna.

"Ke ma na san kin tsufa, Yaya, gani ne kawai ba na yi."

Na zuba a ƙaramin kwano. Inna ta kai cokali ɗaya, ta daɗe tana taunawa, ta ƙara na biyu. A na uku ta ce gishiri ya yi kaɗan.

"'Yarki ce ta sa," Mama ta ce. "Kuma na ji likita ya hana ki."

Inna ta ci rabin kwanon suna lissafa mutanen layi, wa ya rasu, wa ya aurar, wa ya bar gari. Na fita na bar su.

Bakin Inna bai dawo duka ba, amma daga ranar ta koma cin abinci kaɗan-kaɗan, ta ƙara shekara biyu a duniya. A cikinsu Mama ta zo sau da dama, sauran lokutan kuma ni ke haɗa su a waya. Ranar da Inna ta rasu ɗan Mama ne ya kawo ta a mota. Ta zauna cikin mata har aka yi addu'ar uku, sannan ta ce a mayar da ita gida.